Bawul ɗin da Bai Fashe Ba

A layin masu sayar da bututu da kayan famfo, an daɗe da daina kiransa Mai Bawul. Malam Zai-Fashe ake ce masa. Da farko a bayan idonsa ake faɗa, daga baya aka koma faɗa a gabansa ana dariya, har ta kai baƙon da ya zo neman shagonsa da wannan sunan yake tambaya, a nuna masa ba tare da an ji wani abu ba. Sunan da kasuwa ta liƙa wa mutum ya fi na iyaye riƙo, shi kuwa nasa ya riƙe shi kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Da can mutum ne da ake jin maganarsa. Sana'arsa ba sayar da ƙarfe ba ce kawai, zaɓe ce. In ka shigo ka ce kana son bawul, wato makullin da ke buɗe bututu ya rufe shi, ba zai miƙe ya ɗauko ba. Sai ya zaunar da kai ya fara: me zai bi ta cikinsa, ruwa ne ko mai ko tururi? Zafinsa fa? Matsin ya kai ina? Kullum za a riƙa buɗewa ana rufewa, ko sai shekara ta zagayo? Masu saye sukan ce tambayarsa ta fi ta wanda aka je neman auren 'yarsa. Amma suna ƙorafi suna dawowa, domin abin da ya zaɓa maka ba ya tashe ka tsaye.

A hannunsa ƙanensa ya koyi aikin. Auta suke ce masa a gida, kuma autan ne na gaske, wanda uwa ta saba ɓoye wa laifi tun yana rarrafe. Yana da kai, ba a hana shi wannan. Abin da ba shi da shi haƙurin tambaya ne. Da ya ji ya ƙoshi da zama a ƙarƙashin yayansa, sai ya kama ofis a saman bene, ya sa na'urar sanyaya ɗaki da kujeru masu laushi, ya zama ɗan kwangila. A wurinsa mai saye ba ya shan tambaya ko ɗaya, sai shayi.

Rigimar ta samo asali ne daga kamfanin sabulu da ke ƙarshen gari. Sun sake babban bututun da ke ɗauko tururi daga tukunyar tururinsu zuwa cikin masana'anta, suna neman babban bawul da zai zauna a bakinsa. Mai Bawul ya je ya duba, ya auna, ya yi tambayoyinsa. Ya tabbata aikin nasa ne, har ya yi gaggawar yin odar bawul ɗin tun ba a ba shi ba, na sitil, ƙarfe mai jure duka, mai nauyin da sai da sarƙa ake ɗaga shi. Sai aka wayi gari an ba Auta, don nasa ya fi araha.

Da abin ya tsaya a nan, da ya haɗiye. Amma ranar da za a ɗaura na Auta, zuciya ta kai shi kamfanin. Ya tarar da bawul ɗin a ƙasa, an yi masa shuɗin fenti yana ƙyalli. Ya zaro sifana daga aljihu ya ƙwanƙwasa cikinsa. Sitil in ka buge shi yakan yi amo ya ja, wannan kuwa ya amsa da wata gajeriyar murya ta mutu nan take. Kas ne, ƙarfen zubi, wanda ba ya lanƙwasa ba ya gargaɗi, sai dai ya tsage kamar tukunyar ƙasa. A bututun ruwan sanyi ba shi da laifi. A bututun tururi kuwa, duk ranar da aka kashe wuta ruwa yakan taru a ciki, in aka sake kunnawa tururi ya kwaso ruwan nan ya maka wa bawul kamar guduma.

A gaban manaja da injiniya da leburori ya ce, "Wannan kas ne aka yi wa fenti. Zai fashe."

Auta bai yi fushi ba, wannan ne gwanintarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, in don kwangilar ce, da ka faɗa mini na bar maka."

Injiniyan ya ce rigimar gida a bar ta a gida. Maigadi ya raka Mai Bawul har bakin ƙofa, aka kuma gaya wa maigadin kada ya sake barinsa ya shigo. Aka ɗaura bawul, aka naɗe shi da rigar da ke hana zafi fita, ba mai sake ganin jikinsa.

Sai bai fashe ba.

Wata ya wuce, shekara ta wuce, wata shekarar ta biyo ta. Ƙarfe ba ya karanta littafi, wani lokaci mugun kaya yakan daɗe don kawai ya kunyata mai gaskiya. Mai Bawul bai iya yin shiru ba, nan ne nasa laifin. A wurin mai shayi ya faɗa, a wurin ɗaurin aure ya faɗa, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji yadda ruwa ke zama guduma. Mutane suka gaji. Suka ce hassada ga mai rabo taki ce, ga Auta nan sai gaba yake yi. Masu saye suka fara janyewa, wai mutumin da zai yi wa ɗan uwansa na ciki ɗaya ƙazafi, me zai hana ya yi maka? Shagon ya yi sanyi. Bawul ɗin sitil da ya yi oda yana nan a kusurwa a kan katako, yana shafa masa giris yana juya sitiyarinsa lokaci lokaci don kada ya ƙage.

Abin da ya fi ci masa rai bai taɓa gaya wa kowa ba. Duk safiyar da kamfanin zai kunna wuta bayan hutun ƙarshen mako, sai ya ga ya kasa kunne wajen ƙarshen gari. Yana jira. Ya san abin da yake jira, ya kuma san akwai mutane a ɗakin. Sai ya yi istigfari ya kama shara, mako mai zuwa kunnen ya sake komawa can. Da Auta ya samo wa mijin babbar 'yar Mai Bawul aiki a ɗakin tukunyar tururin, kowa ya ce dubi halin kirki, ana zaginsa yana saka alheri. Mai Bawul ya kira surukin nasa gefe ya ce in za a kunna wuta ya riƙa tsayawa nesa da babban bawul. Surukin ya ce, "To, Baba," da irin ladabin da ake yi wa marar lafiya.

Wata rana da azahar, yana gyangyaɗi a kan benci, mota ta tsaya a ƙofar shago. Auta ne, shi kaɗai, ba direba. Rabonsa da taka shagon tun kafin rigimar. Ya gaishe shi a durƙushe, abin da ya sa Mai Bawul ya san ba lafiya ba. Ya jawo ƙofa ya rufe rabi, ya miƙo wayarsa.

Hoto ne. An yaye rigar, ga shuɗin fentin ya ƙone ya yi duhu, ga wani siririn layi kamar gashi ya taso daga wuyan bawul ya gangara gefe, da farin gishirin ruwa a bakinsa.

"Yarana ne suka gani da suna canja rigar," in ji Auta. "Shugabansu kaɗai ya gane, na kuma rufe masa baki. Mun mayar da rigar."

Mai Bawul ya daɗe yana kallon hoton. Ba zai yi ƙarya ba, daɗi ya fara ji, wani daɗi mai zafi da ya taso masa daga ciki har wuya. Sai bayansa tsoro ya zo, da ya tuna wanda ke tsayawa a gaban wannan layin kullum.

"Ka gaya musu su kashe wuta?"

"Ƙarshen makon nan za su kashe da kansu, wankin tukunya za a yi, kuma aikin a hannuna yake. Ba kowa a ɗakin sai yarana. Yaya, na nema ko'ina, mai wannan girman babu. In na yi oda sai an yi watanni." Idonsa ya tafi kusurwa, inda ƙaton ƙarfen ke zaune cikin giris. "Naka nake so. Ko nawa ka ce."

"Ba kuɗi nake so ba. Mu je wurin manaja ni da kai, ka yaye rigar a gabansa, ka faɗi da bakinka abin da ka sayar musu. In ka yi haka, ɗauki bawul kyauta."

"Ɗaure ni za su yi. Sitil na ce musu."

"Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka."

Auta ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. Ladabin ya ragu a muryarsa. "In ka hana, zan sa a ɗinke shi da walda in naɗe, in jira oda. Ka fi ni sanin abin da walda ke yi wa kas." Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Inna tana kiranka. Ta ce yau, ba gobe ba."

Wato ya riga ya kai ƙara inda ba a ɗaukaka ƙara.

A gidan Auta tsohuwar take zaune, a ɗaki mai tayil da labule mai kauri, ga magungunanta jere a kan tebur. Ta rame, amma idon yana nan. Mai Bawul ya zauna a ƙasa kusa da gadonta, shi da furfurarsa, kamar yaron da ya fasa tulu.

"Ƙanenka ya gaya mini komai," ta ce. "Ya yi laifi. Na faɗa masa, ya yi kuka."

"Inna, shekara da shekaru ana kirana maƙaryaci."

"Na sani."

"Shagona ya mutu. Yara a layi suna bina da waƙa. 'Ya'yana ma kallon mai taɓin hankali suke yi mini. Yau Allah ya kawo ranar da za a san ban yi ƙarya ba."

"Allah ya sani, ni ma yanzu na sani. Bai ishe ka ba?"

Bai ishe shi ba, amma ba a faɗa wa uwa haka.

"Kai ne babba," ta ce, "babba kuwa juji ne. Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar. Ka ba shi ƙarfen nan, a sa, a rufe. Kuma ka yi mini alkawari, ko bayan raina, maganar nan ba za ta fita daga bakinka ba. Ko matarka. In ka sa aka ɗaure mini ɗa ina kwance a kan gadon nan, ban yafe ba."

Ya ɗaga kai ya dube ta, ko za ta ƙara wata kalma da za ta zama tasa, ko da sannu ce. Ta miƙo masa hannu tana jira. Ya kama hannun, ba nauyi kamar busasshen kara, ya yi alkawarin.

Saura sharaɗi ɗaya, kuma shi ya fi ƙona masa rai. Sitiyarin bawul da wuyansa suna leƙowa waje da riga, ma'aikata sun saba ganinsu shuɗi. Don haka dole a yi wa nasa fentin Auta. Auta ya ce zai turo mai fenti, Mai Bawul ya ce a'a, zai cika masa zaren sandar sitiyarin da fenti ya ƙage. Da hannunsa ya wanke giris ɗin, ya naɗe sandar da tsumma, ya zauna a bayan shago da gwangwani da buroshi yana shafa wa kayansa kalar ƙanensa. Maƙwabcinsa mai sayar da tiyo ya leƙo ya ce, "A'a, Malam Zai-Fashe, yau amarya ake yi wa kwalliya?" Ya ce tsatsa yake gudu.

Ranar aikin ya ce sai ya je. Ba ya yarda da yaran Auta a kan ɗaurin noti, sun saba bi a jere kamar masu ɗinki, alhali gicciye ake ɗaurewa, wannan gefe sannan wancan, don gaskit, faifan da ke hana yoyo a mahaɗa, ya zauna daidai. Amma maigadin kamfanin ya san fuskarsa. Sai ya sa rigar leburori da hular kwano, ya kwanta a bayan babbar mota kusa da bawul ɗinsa, aka ja tamfol aka rufe su tare. Haka ya shiga, kamar ɓarawo, ya kai musu abin da zai cece su.

Ɗakin tukunyar ya yi tsit, sai ɗigar ruwa da warin ƙarfe mai huce zafi. Aka yaye rigar. Ya sa farcensa a kan layin, farcen ya shige. Ya fi yadda yake a hoto tsawo, ya kusa zagaye wuyan. Kusa da wurin, taku kaɗan, ga wata kujerar roba da kofin shayi a ƙarƙashinta, da rigar aiki a rataye a ƙusa. Ya gane rigar, 'yarsa ce ta yi mata faci a gwiwar hannu.

Ya sa aka rataya sarƙa, aka sauke tsohon a hankali kamar ƙwai. Ya goge fuskar bututun da kansa, ya duba kibiyar da ke jikin sabon don kada a juya shi baya, ya sa gaskit, ya karɓi sifana ya ɗaure notocin a gicciye har kafaɗarsa ta yi tsami. Ya nuna wa shugaban yaran ƙaramin famfon da ke zubar da ruwan da ya taru a bututu, ya toshe da datti, ya ce a wanke shi. Aka mayar da riga. Shuɗin sitiyari ya leƙo kamar ba abin da ya faru.

Tsohon bawul ɗin a filin ajiye kayan Auta aka sauke shi, bayan an rufe ƙofar ƙarfe. Auta ya ce a farfasa kafin mai sayen tsohon ƙarfe ya zo. Wani ƙato ya ɗaga guduma ya sauke sau ɗaya, wuyan ya rabu biyu, cikin ya bayyana toka-toka mai ɓarɓashi kamar busasshen burodi. Ko makaho ya shafa ya san kas ne. Mai Bawul ya sunkuya ya ɗauki wani ɓalli, bai kai tafin hannu ba, da rabin tsagar a jikinsa.

"Yaya," in ji Auta.

"Ba wanda zan nuna wa. A aljihuna zai zauna."

"Ka yi wa Inna alkawari. Abin da ke aljihu wata rana yakan faɗo."

Auta ya miƙo hannu, kuma bai janye ba sai da aka sa masa. Ya jefa ɓallin cikin tulin. Kafin la'asar mota ta kwashe komai zuwa inda ake narkarwa. Auta ya biya kuɗin bawul ɗin har da ƙari, ya ce Allah ya bar zumunci. Mai Bawul ya karɓa, domin gida na bukata, kuma karɓar ma wani ɗaci ce.

Aka kunna wuta a farkon mako. Mai Bawul ya zauna a ƙofar shago, kusurwar da ƙarfen ya daɗe a cikinta ta zama fili, sai tabon giris a kan katako. Bai kasa kunne ba, ba sauran abin jira. Bawul ɗin da ke can yanzu zai fi shi daɗewa a duniya, kuma duk shekarar da ya ƙara lafiya, shaida ce a kan cewa shi maƙaryaci ne. Da hannunsa ya ɗaure ta, a gicciye, yadda ba za ta taɓa kwancewa ba.

Bayan 'yan makonni babbar 'yarsa ta zo gida da jaririnta a baya. Uwata yake ce mata, don sunan tsohuwar aka sa mata. Ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa, ta zauna a bakin tabarma tana wasa da gefen mayafinta. Ya san akwai magana.

"Baba, ka ji kamfani sun karrama Baba Auta? Sun ce a duk masu kawo musu kaya ba wanda nasa ya daɗe ba matsala kamar shi. Sun sabunta masa kwangila."

"Na ji."

"A wurin taron manaja ya ba da labarin ranar da ka zo da sifana. Aka yi ta dariya. Baban jaririn nan yana wurin, kowa ya juyo yana kallonsa. Ya dawo gida ko abinci bai ci ba." Ta saki gefen mayafin. "Baba, ban taɓa yi maka musu ba. Amma don girman Allah ka bar maganar bawul ɗin nan. Ka yi kuskure, kowa yana yi. Ka je ka ba ƙanenka haƙuri a wuce wurin. Mutumin nan shi ya ba mijina abin da muke ci. Kunya kake ba mu."

Maganar ta zo masa har baki. Tana nan a kan harshensa, da hoton, da farcen da ya shige, da kujerar roba, da rigar da ta yi wa faci. Jaririn ya farka ya leƙo ta kafaɗarta, da goshin ubansa sak, ubansa da ke can yanzu haka yana shan shayi taku kaɗan daga sitiyari mai shuɗin fenti.

Ya miƙa hannu ta kwanto masa yaron, ya ɗora shi a cinya.

"Na bari, Uwata," ya ce.

"Za ka ba shi haƙurin?"

Ya daɗe yana gyara wa yaron hula, duk da ba ta karkace ba.

"Ki ce masa gobe ina nan zuwa."